Tuƙin mota mai fowil a yashi, laka da ruwa: Abin da ya kamata ku sani

Daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, daga Yusufari zuwa tuddan yashin Tulo-Tulo, har zuwa ƙauyukan da ke kan tsaunin Mambila, akwai hanyoyin da ba kowace mota ke iya bi ba. A irin waɗannan wurare Hilux da Land Cruiser ne ke ɗaukar majinyata da 'yan kasuwa da ma'aikatan rigakafi da buhunan hatsi. Sai dai fowil ba laya ba ce. Mota komai ƙarfinta tana kafewa har ciki idan direba bai san halinta ba. Yawancin matsalar daga abu uku take fitowa: giyar da ba ta dace ba, iskar taya, da danna totur babu lissafi.

Me H2 da H4 da L4 suke nufi?

A yawancin Hilux da Land Cruiser na aikin ƙarfi akwai ƙaramar giya ko maɓalli mai waɗannan alamomi uku. H2 na kwalta ne, tayoyin baya kaɗai ke tura mota. H4 yana haɗa tayoyin gaba da na baya, ya dace da burji mai santsi da yashi da laka marar zurfi. L4 kuwa yana rage gudu ya ƙara ƙarfin ja kusan ninki biyu da rabi, don hawan tudu mai tsauri, gangara, duwatsu, ko fita daga inda aka kafe. Ba a shiga L4 mota na tafiya. Sai ka tsaya cak, ka taka kuloci, ko ka mai da giya N idan motar otomatik ce.

Tsofaffin motoci, da wasu Land Cruiser har yau, suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba wanda ake murɗawa da hannu. In ba ka sauka ka kulle duka biyun ba, ko ka sa H4 tayoyin gaba ba za su ja ba. Ka sa fowil tun kana kan ƙasa mai ƙwari, kafin ka shiga wurin wahala, ba sai mota ta nutse ba.

Abin da ke kashe irin waɗannan motoci shi ne barin fowil a kan busasshiyar kwalta. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. A kan yashi taya kan ɗan zame, bambancin ya wuce. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfen farfela da giyoyi su yi ta murɗuwa. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna ƙara a kwana, giyar fowil ta ƙi fita. Idan hakan ta faru, sauka gefen hanya kan ƙasa, ka miƙe sitiyari, ka yi ribas na 'yan mitoci, yawanci za ta saki. Prado da manyan Land Cruiser na alfarma su kullum tayoyi huɗu ke ja, kwalta ba ta cutar da su, muddin ba a bar makullin tsakiya, wanda ke haɗa tayoyin gaba da na baya, a kulle ba.

Yashi: fara da rage iska

Dubi ƙafar raƙumi: faɗinta ne ke hana ta nutsewa. Haka taya take. Idan aka rage mata iska sai ta shimfiɗu, nauyin mota ya bazu a kan yashi. Tayar da ke ɗaukar geji 30 zuwa 35 a kan kwalta, a yashi mai laushi akan sauke ta zuwa 16 ko 18, wato kimanin kilo 1.2 a ma'aunin masu faci na Nijar. Mota mai kaya da yawa ba a rage mata har haka. Ƙasa da 12 kuwa taya na iya ficewa daga wili, musamman in an karya kwana da ƙarfi. Da zarar ka hau ƙasa mai tauri ka mai da iskar, domin taya marar iska in ta sha gudu zafi take ɗauka ta fashe. Shi ya sa geji da famfon iska ba sa rabuwa da motar daji.

A cikin yashi, ka zaɓi giya tun daga nesa, ka riƙe totur daidai, ba ƙari ba ragi. Duk lokacin da ka taka kuloci don canjin giya, yashi zai kama motar. Kada ka taka birki da ƙarfi, domin yana tara yashi a gaban taya. Ɗaga ƙafa kawai, mota za ta tsaya da kanta, kuma in da hali ka tsaya kana fuskantar gangara. Tudun yashi ana hawansa a miƙe, a sauka a miƙe. Ratsa shi a karkace shi ke kifar da mota. In ka kasa kaiwa sama, kada ka juya, ka sa ribas ka dawo ta sawunka. Yashi ya fi ƙwari da sassafe, da rana tsaka kuma ya saki, don haka sammako ya fi. Sababbin motoci suna da na'urar hana zamewa da ke rage ƙarfin inji idan taya ta fara juyawa a banza. A yashi mai zurfi akan kashe ta.

Idan mota ta kafe

Da ka ji mota ta daina gaba alhali tayoyi na juyawa, ɗauke ƙafa daga totur nan take. Duk juyin da taya ta ƙara rami take tona wa kanta. Gwada ribas a hankali ta sawun da ka shigo. In ta ƙi, kowa ya sauka, a sauke kaya masu nauyi, a ƙara rage iska. A sa shebur a kwashe yashin gaban tayoyi huɗun, a leƙa ƙarƙashi kuma. Idan cikin motar ya zauna a ƙasa, sai an yashe har ka hango haske ta ɗaya gefen. A tura faifan ƙarfe ko katako ko rassan itace ƙarƙashin taya, a miƙe sitiyari, a sa L4 da giya ta biyu, a tashi sannu a hankali. Jak ba ya tsayawa a yashi sai an ɗora shi a kan faffaɗan katako, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wani lokaci za ka ga taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna juyawa, sauran biyun suna tsaye. Ba lalacewa ba ce. Difarenshiyal, wato dunƙulen giyar da ke tsakanin tayoyi biyu, yana sakar wa tayar da ba ta kama ƙasa ba ne ta yi ta juyawa. In motarka tana da makullinsa, ka danna, ka fita a hankali, sannan ka cire. In babu, a cike ƙarƙashin tayar da ke lilo da duwatsu ko ƙasa.

Wajen ja da wata mota nan ne ake asarar rai. Kada a ɗaura igiya a bamba ko a dunƙulen ƙarfen jan tirela, domin yana iya ɓallewa ya taho da ƙarfin da zai fasa gilashi ya kashe mutum. A ɗaura a maɗaurin da ke jikin shasi, a yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, 'yan kallo kuma su ja da baya fiye da tsawonta.

Laka da ruwan damina

Laka iri-iri ce. Baƙar lakar fadama da ta yankin Tafkin Chadi tana cike zanen taya har ya shafe. Ka bi sawun da wasu suka bi idan bai yi zurfin da cikin motarka zai taɓa ƙasa ba. Idan tayoyi suka fara zamewa, ka riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan don gefen taya ya sami abin kamawa.

Ruwa ya fi laka haɗari. Sababbin Hilux an ƙayyade musu zurfin santimita 70, amma wannan lissafin kwantaccen ruwa ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da akori-kura. Ka sauka ka auna da sanda. Ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, mota ma kada ta shiga. Koramar da ta kawo bayan ruwan sama kan janye cikin sa'o'i, jira ya fi. In za ka shiga, buɗe gilashi, ka sa L4 da giya ta biyu, ka tafi da gudu ɗaya ba tare da taɓa kuloci ba. Idan inji ya mutu a ciki, kada ka sake tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga inji ta hanyar iyakilina yunƙuri ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarafansa. Bayan ka haye, ka riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe. In ka isa gari a duba man giya da na difarenshiyal. Idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, a juye shi.

Gangara da zafin inji

A gangaren dutse irin na Mambila, giya ta ɗaya a L4 ita ke riƙe mota. Kada ka taka kuloci ko ka cire giya, kuma kada ka dogara da birki kaɗai, in ya yi zafi kamu yake dainawa. Manyan yatsunka su kasance a wajen sitiyari, domin in taya ta bugi dutse yakan fizge.

Idan allurar zafi ta fara hawa, kashe na'urar sanyaya mota, ka tsaya kana fuskantar iska, ka bar inji yana aiki a hankali. In ruwa na zuba ko fanbel ya tsinke, a kashe nan da nan. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Da kaka, tsabar ciyawa kan toshe lagireto, busasshiyar ciyawa kuma kan naɗe a jikin salansa ta kama wuta, don haka a riƙa dubawa. Iyakilina a kakkaɓe shi bayan kowace tafiyar ƙura. Motar gas, wato dizal, tana da fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar mai, in ta kama a tsiyaye shi. Ko a cikin gari kake, Toyota na ba da shawarar a sa fowil a yi kilomita 16 kowane wata don mai ya zagaya. A yi hakan a kan burji.

Shiri kafin tashi

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, a hamadar arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Lalacewar da a gari makaniki zai gyara kafin la'asar, a hamada ajali ce. Kada mota ɗaya ta shiga sahara ita kaɗai. A ɗauki ruwan sha da ya ninka na kwanakin tafiya, a ƙara mai domin yashi na shan mai sosai, a riƙe safaya biyu, fanbel, igiya da shebur. Kaya masu nauyi a ƙasa ake jera su, tulin kaya a sama shi ke jawo kifewa. A gaya wa wani hanyar da za a bi da ranar isa. In mota ta mutu, a zauna kusa da ita, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum.

Direba, rayukan da ke bayanka amana ce. Kafin ka yi doguwar tafiya, ka sami fili kusa da gida ka gwada H4 da L4, ka koyi rage iska da mayarwa. In ka isa wurin da zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sauka ka duba da ƙafa, ka tambayi mutanen gari, in ta kama ka juya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.