Gyaran gida da gyaran jirgi: Abin da ya kamata ku sani kan shekarar ma'aurata a ƙasar Gwandu da Kalgo

Kusan kowace damina labari biyu ne ke fitowa daga Jihar Kebbi: ɗaki ya rufta wa iyali cikin dare, ko kwale-kwale ya kife da mutane a hanyar gona ko kasuwa. Akan ce ruwa ne ya yi ɓarna, kuma ruwan ne. Sai dai sau da yawa ɓarnar ta soma tun sama tana wasai, ranar da aka ga tsaga a bango aka ce sai an samu sarari, ko aka ga jirgi yana yoyo aka ce a dai riƙa kwalfewa.

A ƙasar Gwandu da Kalgo, daga Malisa har zuwa bakin fadama, shekarar maigida da uwargida tana da tsarin da kakanni suka bari: kowane aiki da watansa. Gida da jirgi duk da rani ake gyara su, tun ruwa bai matsa wa kowa ba.

Ƙasar da ruwanta

Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, da garuruwan ƙasarta irin su Malisa da Kambaza da Dalijan, yawanci tudu ne na gero da dawa da wake, sai kwaruruka da ake lambu a cikinsu. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, a gefen babbar fadamar Gulbin Kabi. Wannan gulbi shi ne ya kwaso ruwan Rima da na Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da ya biyo ta Jega, sannan ya faɗa Kwara.

Damina a nan ta kusan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Amma cikar gulbi ba ta tsaya ga ruwan da ya sauka a garinku ba. Wanda aka yi a Zamfara da Katsina da kudancin Nijar nan yake gangarowa, haka ma wanda aka saki daga madatsun Goronyo da Bakolori. Shi ya sa fadama kan tumbatsa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ko da an kwana biyu ba a ga hadari ba. Gonar da aka je a kan babur a watan Maris, a lokacin sai da jirgi. Haka abin yake tun zamanin da: labaran tarihi na cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, da jirgi yake zagaya garuruwansa idan ruwa ya cika.

Kaka: lokacin zama a yi shawara

Da an kai amfani gida, kuɗi na hannu, kuma tabon damina bai ɓace daga bango ba. Ana ganin inda ruwa ya kwararo, da inda gindin katanga ya zaizaye. Uwargida ta fi kowa sanin waɗannan wurare, domin ita ce ke tara roba a ƙarƙashin yoyo, ita ke matsar da shimfiɗar yara da tsakar dare. In ta ce, "Malam, azarar ɗakin yara ta fara lanƙwasa, ƙasa na zubowa," maganar wadda ta kwana a ƙarƙashin abin ce, kuma ita ya kamata a sa a gaba wajen lissafi.

Dalilin yin shawarar da kaka shi ne rani yanzu ba shi da sararin da yake da shi a da. Magidanta da yawa na tafiya cirani da zarar an gama sussuka. Waɗanda suka zauna kuma noman rani ya riƙe su, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, injin ban ruwa ya cika fadama. Watannin da a da na gini ne sun koma na dashe da ban ruwa. Gidan da bai ware mako guda da buhu guda domin gyara ba kafin maigida ya fita, sai hadari ya tuna masa.

Da kaka kuma ake tara kaya: karan dawa na danni, gamba ta zana, ciyawar jinka tun gobarar daji ba ta lashe ta ba. Ƙasar yaɓe ma ta fi sauƙin kwaɓi tun kududdufi bai ƙafe ba, don daga baya ruwan sai an saya ko an ja daga rijiya.

Rani: bango da soro

Ginin ƙasa ta wuri uku yake lalacewa: gindi, da kan bango, da rufi. Gindi ruwan da ke fantsamowa da wanda ke kwanciya ne ke cin sa. Kan bango rana ce ke tsaga shi, ruwa ya bi tsagar ya shiga ciki. Rufi kuwa nauyi da gara ne ke kayar da shi. Duk gyaran shekara a kan waɗannan uku yake.

Ƙasar yaɓe ba a kwaɓa ta yau a yi aiki da ita yau. Ana jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a rufe ta ta yi kwanaki ana juyawa har ta yi danƙo. Ciyawar ce ke hana ta tsagewa idan ta bushe. Magini zai fara kankare tsohon yaɓen da ya saki, wanda in an ƙwanƙwasa ake jin fanko a bayansa. Sai ya yayyafa wa bangon ruwa, ya cusa ƙasa cikin tsaga har ƙurya, sannan ya bi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. A gindi yakan ƙara kauri ya yi masa gangare, domin ruwa ya gudu daga bango. Masu hali kan bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke ƙara wa yaɓe ƙarko ya kuma ba shi launi mai duhu. Magabata har laso suke yi da katsin marina da gashin jima da dafara.

Soro ya fi bukatar ido. Azarar giginya aka fi so domin gara ba ta cika cin ta ba, amma magina sun san ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin ƙafa shida ba tare da tokari ba. Wurin dubawa shi ne bakinta da ke cikin bango, inda danshi ke taruwa: a soka wuƙa, in ta shige cikin sauƙi, azarar ta gama aiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara wa soro ƙasa kowace shekara ba tare da an rage tsohuwa ba. Da rani azara na iya ɗauka, amma ƙasa in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake, kuma a daren da aka wuni ana ruwa ne take saki. Indararo kuma a tabbata bai toshe ba, kuma ya miƙo nesa da bango yadda ruwansa ba zai riƙa dukan gindin ɗaki ba.

Sai a yi hattara da shafa siminti a kan bangon ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar bushewa, sai bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa sumul. Wanda zai yi, ya tuna cewa shi ma sai an riƙa duba shi duk shekara.

Kada a manta da rumbu. Tsagar da ɓera zai bi, da jinkar da ta ruɓe, da duwatsun da ke ɗauke da gindinsa, duk aikin rani ne, domin abincin shekara ke ciki.

Aikin uwargida

Daɓe aikin mata ne tun asali. Ana baza ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru da madaɓai suna duka tare ana waƙa, mai gida ta dama kunu ko fura ta ciyar da 'yan gayya. Siminti ya karɓe wannan aiki a gidaje da yawa, amma hikimar da ke cikinsa tana nan: tsakar gida sai ta gangara zuwa rariya, rariya kuma sai ta kai ruwa waje. Gidan da ruwa ke kwana a tsakarsa, gindin ɗakunansa ne ke biya, ga kuma sauro.

Murhu, da rumfar girki, da wurin turara shinkafa, da tukubar bandar kifi a gidajen masunta, duk uwargida ce ta san lokacin da suka gaji. Sau da yawa kuma kuɗin adashinta, ko na ɗan akuyar da ta kiwata, su ke cike giɓin kuɗin magini ko kafinta. Wadda aljihunta ke shiga aikin, ya dace bakinta ya shiga shawara.

Jirgi ma yana da raninsa

Jiragen wannan gulbi iri biyu ne. Akwai sassaƙaƙƙe daga gungume guda na itace mai ƙwari irin maɗaci ko kawo, akwai kuma na katako da ake haɗawa da ƙusa, wanda ya fi yawa yanzu saboda manyan itatuwa sun yi ƙaranci. Sarkawa da sauran masuntan Kabi sun gaji sanin ruwa, amma a yau manomin fadama ma yana da jirginsa, ko kuma yana biyan kuɗin fito.

Babban maƙiyin jirgi da rani shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, katako ya tsuke, haɗi ya buɗe. Don haka in ruwa ya janye, ko dai a nutsar da jirgin a tafkin da ba ya ƙafewa, ko a ja shi inuwa a kife shi a kan itace, nesa da ƙasa saboda gara. Kafin ruwa ya dawo sai a bi jirgin taku-taku: a canza katakon da ya yi laushi da ƙusar da ta yi tsatsa, a cusa auduga ko tsumma a haɗi, a bi da narkakkiyar kwalta. Daga nan a sa shi a ruwa ya kwana biyu katako ya kumbura, a gwada shi babu kaya kafin a ɗauki mutum. Filafili da sandar tuƙi da abin kwalfe ruwa su zama a shirye, mai inji kuma ya kai wa makaniki tun kafin layi ya yi tsawo. A wannan lokacin ne masunci ke ɗinke koma da birgi, ya sake ɗaura ƙugiyoyin mamari.

Mutanen Kabi sun daɗe da sanin cewa ruwa yana da ƙa'ida. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, da rani ake yin sa, kuma ba mai shiga kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Bazara: iska ke riga ruwa zuwa

Hadarin farko da guguwa yake zuwa, kuma rufin kwano take nema. Abin da ke yaye kwano yawanci ba ƙarancin ƙusa a samansa ba ne, rashin ɗaure katakon rufi da jikin bango ne. A ɗaure shi da waya ko ƙarfe mai ƙwari, a canza katakon da gara ta ci. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba gyara ba ne, kuma in iska ta fi ƙarfinsu kan mutane suke faɗowa. A datse reshen da ya rufo ɗaki, a yi baibayar jinka, unguwa kuma ta fito gayyar yashe magudana.

Damina: abin da ya rage shi ne kiyayewa

In ruwa ya zauna, gyara ya wuce, saura lura. Ɗakin da bangonsa ya jiƙe har ciki, ko aka ji azara na ƙara, a fitar da iyali a daren, kada a jira safiya. Ambaliyar 2020, wadda jami'an jihar suka ce ta shafe gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 a Kebbi, ta rusa gidajen ƙasa masu yawa, kuma ta nuna cewa akwai shekarar da yaɓe kaɗai ba ya isa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna ta NIHSA na fitar da gargaɗi kowace shekara. In rediyo ta ambaci yankinku, a kai hatsi da yara da tsofaffi tudu tun da wuri.

A kan ruwa kuwa, lodi ne ke kisa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse a kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kimanin 20 ne aka ceto da rai. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Ƙaramin kwale-kwalen fito ma wannan doka ta hau kansa. In bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, a sauke kaya ko a jira sawu na biyu. Uwar da za ta sa 'ya'yanta a jirgi tana da haƙƙin ta ce a'a, kuma mijinta ya kamata ya fara goya mata baya.

Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa. Maigida, kafin ka ɗaura jakar cirani ko ka kunna injin ban ruwa a bana, zagaya gidanka tare da uwargida, ku duba gindin bango da bakin azara da indararo da cikin jirgi, ku sa rana, ku ware kuɗi. Tsari na Allah ne, amma yaɓe da kwalta aikinku ne, kuma watansu rani.