Ciwon Tairod da Abin da Muke Ci

Shirinmu na musamman na yau zai duba wani ciwo da ya fi kama mata, wanda sau da yawa ake daɗewa ana ɗaukarsa kasala ce kawai ko ƙibar haihuwa.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tairod. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara bugun zuciya da ɗumin jiki da saurin narkewar abinci. In ta kumbura, shi ne muke cewa maƙoƙo. To wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, sai ta juya ta far wa wannan tsoka. In ta rage mata ƙarfi, an samu ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912: mutum ya yi ta jin sanyi da gajiya, fata ta bushe, bayan gida ya yi tauri. In kuwa ta ingiza ta ta yi aiki fiye da ƙima, wannan ciwon Graves ne, mai zuwa da rama da faɗuwar gaba da zufa, wani lokaci har idanu su firfito.

Duk wanda aka ce yana da ɗayan biyun, tambayarsa ta farko ita ce, “Likita, me zan daina ci?” Nan fa masu tallar magani a intanet ke samun kasuwa, suna alkawarin wanke hanji a rabu da ciwon. Masu sauraro, babu abincin da aka tabbatar yana warkar da Hashimoto. Gaskiya ne masu bincike sun ga bambanci tsakanin ƙananan halittun da ke hanjin masu ciwon da na masu lafiya, amma wannan bai zama hujjar ajiye magani ba.

Inda hanji ke da babbar rawa shi ne wajen karɓar maganin kansa. Ƙwayar lebotairoksin da ake ba masu Hashimoto ta ƙaramin hanji take shiga jini, kuma ba ta son abokin tafiya. Ana shanta ne da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wadda ta haɗiye ta da shayi da madara, ko ta bi ta nan take da koko da ƙosai, ta zubar da wani kaso na maganin ba ta sani ba. Awara da madarar waken suya su ma suna tare shi. Maganin ƙarin jini, da na kalsiyam, da irin farin ruwan nan na gyambon ciki, sai an ba su tazarar awa 4. Masu juna biyu su fi kowa lura, domin su ake ba maganin ƙarin jini a awo. Da azumi kuma, a tashi da wuri a sha kafin sahur, ko a bari sai za a kwanta, bayan awa 3 da cin abinci.

In an kiyaye duk wannan amma gwajin jini na TSH, mai nuna yadda tairod ke aiki, ya ƙi daidaita, ya kamata likita ya binciki cikin. Ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki tana iya rage shigar maganin. Haka ma ciwon siliyak, inda sinadarin gulutin na alkama ke lalata bangon hanji, wanda kuma ya fi yawa a tsakanin masu ciwon tairod na garkuwar jiki. Wanda gwaji ya nuna yana da shi, dole ya bar burodi da taliya da alkaki. Wanda ba shi da shi, babu dalili mai ƙarfi da zai sa ya hana kansa, ga tsadar abinci.

Sai maganar aidin, sinadarin da tairod ke bukata don yin aikinta. Babba yana bukatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki 250, kuma gishiri mai aidin da Najeriya ta wajabta tun 1993 ya taimaka ƙwarai wajen rage maƙoƙo. Amma in aidin ya yi yawa yana iya tsananta ciwon Hashimoto da na Graves, don haka kada a sayi ƙwayoyinsa ko garin ciyawar teku ba da izinin likita ba. Gero fa? A Darfur ta Sudan an danganta yawan cinsa da maƙoƙo, amma a wuraren da aidin ya yi ƙaranci ne. Mai gishiri mai aidin a gida ya sha furarsa, nesa da lokacin magani. Don gudun maƙoƙo kuma, rogo a jiƙa shi sosai, kabeji a dafa. Mai fama da taurin bayan gida ya yawaita zogale da wake da kuɓewa da ruwa.

Duk lokacin da aka canza adadin magani, a koma gwajin jini bayan mako 6 zuwa 8, a kuma tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya, likita ya gani.