MAI ZANEN BANGO DA SHIRUN RANI A KARKARAR KANO

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya yi arewa, ta Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa, har ya kai Ɗambatta, da wuya ya ga daji. Gona ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Tun cikin 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincikensu a kan wannan yanki, inda saboda yawan jama'a ake noma gona kowace shekara ba hutu, taki ne kawai ke riƙe da ita.

To, a wuri irin wannan, ina mai zane zai sami kaɗaicin da aikinsa ke bukata?

Shi mai zanen bango na ƙasar Hausa, watau maginin da ke ƙawata fuskar zaure da cikin soro, lokaci yake jira. Da damina manomi ne kamar kowa. Sai an kai gero da dawa rumbu, samari sun tafi cin rani, hunturu ya rufe sararin sama da hazo, sa'an nan ƙauye ya yi tsit. A lokacin ne ake gini da yaɓe, domin ƙasa ba ta shiri da ruwan sama. Halinsa ya yi kama da na gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe.

Aikin kansa ba ya son surutu. Tun yaɓe na da ɗanye ake fitar da zanen da hannu, in ya bushe kuwa an makara. Saboda haka dole gwani ya gama ganin abin a zuciyarsa kafin ya hau tsani. Abin da ya tara a ido shekara guda, lanƙwasar reshe, jerin kunya a gona, saƙar da ke wuyan babbar riga, shi ke fitowa a matsayin dagi da zobe da sarƙa. Da zamani ya canja, keke da mota da agogo suka hau bango a Kano da Zariya.

Kayan aikinsa ma daga muhallinsa suke. Jar ƙasa da farar ƙasa su ne launi. Daga ɓawon ɗorawa ake samun makuba mai ƙara wa yaɓe ƙarfi. Laso kuwa, wanda ya yi aikin siminti tun kafin zuwan siminti, ana haɗa shi da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Ashe manomi da marini da majemi duk suna da hannu a bangon da mutum ɗaya ya zana shi kaɗai.

Masana sun daɗe da gane darajar wannan fasaha. Cikin 1958 ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don a koma ga fasahar gida. Cikin 1976 kuma David Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausawa a birnin London.

Amma fa bulo da kwano sun kori tubali da azara, ɗorawa na raguwa a gonaki, marina da yawa sun mutu. Bangon ƙasa kuwa, in an daina yaɓe shi, 'yan damuna kaɗan ke cinye zanensa. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ɗaliban makarantu su shiga ƙauyuka da rani, su ɗauki hoton abin da ya rage, su zauna gaban dattawan magina su ji ta bakinsu. Hausawa dai sun ce, tun ran gini ran zane.