Sabuwar Shekarar Sinawa da Kasuwanninmu

Ɗan kasuwar Rogo ko Ƙaraye da ke saro kaya a Kantin Kwari ko Farm Centre ya san wani zance da ake yi a Kano idan sanyin hunturu ya fara ja baya: “Chaina sun tafi hutu.” Kaya kan yi jinkiri, domin masana'antun Guangzhou da Yiwu sun rufe, ma'aikata sun nufi garuruwansu.

Hutun sabuwar shekara ne, wanda Sinawa ke kira Bikin Bazara. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai ba sa jiran a ga jinjirin wata. Ranar da ya ɓuya suke ƙirgawa ɗaya ga wata. Shekarar Hijira kan gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani. Su kuwa sukan ƙara wata na 13 sau bakwai cikin shekara 19, don kada lissafi ya rabu da lokacin shuka. Saboda haka bikin ba ya fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Na 2026 ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu, daidai lokacin da muke duban watan azumi.

Abin da ya fi burge ni shi ne daren jajibiri. Kowa yana ƙoƙarin kwana a gidan iyayensa, ko da zai yi yini biyu a jirgin ƙasa. An share gida, an biya bashi, an manna jajayen takardu a ƙofa. Akan ajiye kifi a tsakiyar akushi, domin sunansa a harshensu ya yi kama da kalmar rara. Duk wanda ya tashi da cika-ciki a watan Muharram zai gane wannan fata: a shiga shekara da ƙoshi. Yara kuma suna karɓar kuɗi cikin jar ambulan, tamkar goron sallah.

Kwana 15 ake yi ana ziyara da wasan wuta, a rufe da bikin fitilu. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Bikin Bazara cikin al'adun gado na duniya.

Mai jiran injin ban-ruwa ko faifan sola don noman rani a bakin madatsar Challawa, ya yi odarsa da wuri. Bikin 2027 zai kama ranar 6 ga Fabrairu.