Idon Dillali da Katin Dala Miliyan Biyar

A watan Yulin 2021, a birnin Dubai, Logan Paul, Ba'amurken nan da ya yi suna a YouTube, ya miƙa katin Pokémon ɗaya, ya ɗora dala miliyan 4 a kai, aka ba shi wani katin. Katunan biyu iri ɗaya ne: Pikachu Illustrator, zane ɗaya, duk an buga su a Japan a ƙarshen shekarun 1990. Lamba ce kawai ta raba su. Wanda ya bayar, kamfanin duba kati na PSA ya ba shi maki 9. Wanda ya karɓa kuwa 10 yake ɗauke da shi. Idan maki ɗaya tak zai ci dala miliyan 4, ai dole mutum ya tambaya ko wannan makin tsayayye ne. Da za a mayar da katin gobe, goman ce za ta sake fitowa?

Ga yadda sana'ar take. Masu tara katunan 'yan wasa da na Pokémon da makamantansu suna aika katunansu ga kamfanonin da aikinsu ke nan, su biya kuɗin dubawa. Babbansu PSA ne, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1991, sai SGC a 1998, sai Beckett a 1999. Mai dubawa zai sa kati ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma, ya nemi abubuwa huɗu: ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, ko kusurwoyin na nan da kaifinsu, ko gefunan sun fara cin farin takarda, ko kuma fuskar katin ta yi ƙarzuwa ko tabo. Daga nan a ba shi maki daga 1 zuwa 10, a rufe shi cikin gidan roba mai ƙarfi, a liƙe, lambar tana sama.

Duk wanda ya taɓa shiga kara ana gobe ko jibi Babbar Sallah ya san wannan aikin, ko da bai taɓa ganin katin Pokémon ba. Ka kama rago ka kai wa gogaggen dillali, a Wudil ne ko a Maigatari. Zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya danna gadon baya ya ji tsoka, ya leƙa ido, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Kira dillalai goma su yi haka, babu ɗayansu da zai ce maka ramammen rago mai ɗingishi Balami ne na gani na faɗa. A nan bakinsu ɗaya. Amma jera musu raguna biyu ƙosassu, masu ƙaho da tsayi kusan ɗaya, ka ce su zaɓi na gaba, sai ka ga kai ya rabu. Wannan ya ce farin ya fi ƙira, wancan ya ce mai baƙin wuyan ya fi cika hannu. Kowa da hujjarsa, babu kuma maƙaryaci a cikinsu.

Haka abin yake a wajen kati. Katin da ya lanƙwashe ko ya yage, kowane kamfani a ƙasa zai ajiye shi. Rigimar tana can sama, tsakanin 9 da 10, inda bambancin bai wuce ɗan farin ɗigo a kusurwa ba, ko siririn layin injin bugu da ba a gani sai an karkata katin ga haske. A nan kuma kuɗin yake.

Akwai ɓangaren da ake iya aunawa. Shekaru da dama a baya ƙa'idar PSA ga kati mai 10 ta kasance kada karkatar hoto ta wuce kusan kashi 55 da 45 zuwa 60 da 40 a fuska, 75 da 25 kuma a baya. Amma kamfanin da kansa ya bar wa mai dubawa damar yin sassauci ko tsanani gwargwadon yadda katin ya ɗauki ido. Dillali ma ai haka yake cewa: ragon nan yana da kyan gani. Beckett ya ɗan fi buɗe cikinsa, domin yakan rubuta makin kowane ɓangare cikin huɗun nan daban, ta yadda mai kati zai san inda aka kama shi. A jikin gidan robar PSA kuwa lamba ɗaya kake gani.

Babbar shaidar cewa makin na rawa tana cikin halin masu katunan da kansu. Mutum ya sami 9 bai gamsu ba, sai ya fasa robar, ya ciro katin, ya sake aikawa kamar sabo. Wani lokaci 9 ɗin ce ke dawowa, wani lokaci 10, wani lokaci ma a faɗo 8. Da makin ba ya sauyawa, babu mai asarar kuɗin dubawa sau biyu. Mai rago ma idan tayin kasuwar yau bai yi masa ba, yakan ce albarka, ya ja abinsa zuwa wata kasuwar. Sai dai ɗabi'ar tana ɓata wani lissafi: kamfanonin na buga adadin katunan da suka ba kowane maki, masu saye kuma da shi suke auna ƙarancin kati. Katin da aka fasa aka sake aikawa yana iya shiga ƙidayar sau biyu idan ba a mayar wa kamfanin tsohuwar takardar makinsa ba.

Sannan masu dubawar mutane ne, suna gajiya. A ƙarshen Maris na 2021, lokacin da annobar korona ta sa cinikin kati ya haukace, katunan da ke zuwa sun fi ƙarfin PSA har ya dakatar da karɓar mafi yawan aikin na ɗan lokaci. Ni dai ban yarda idon dillalin da ya duba rago na farko da hantsi shi ne idon da zai duba na ƙarshe bayan la'asar ba.

Akwai kuma algus, wanda ya bambanta da saɓanin gani. A kara an san masu bai wa dabba kanwa ko gishiri ta yi ta ɗirkar ruwa har ciki ya tashi. A kati, aske gefe ake yi da reza ko abin yanka takarda don kusurwa ta dawo da kaifi. Ga misali: kati na farko da PSA ya taɓa ba maki, na ɗan wasan besbol Honus Wagner ne, cikin waɗanda kamfanin taba na American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. Wasu mutum biyu, Wayne Gretzky da Bruce McNall, sun saye shi dala 451,000 a 1991, aka ba shi 8, a 2007 kuma ya kai dala miliyan 2.8. Sai a 2013 dillalin kati Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya aske gefensa. Bisa ƙa'idar kamfanin, katin da aka aske ba a ba shi makin lamba ko kaɗan.

Yanzu an shigo da na'ura. PSA ya sayi kamfanin Genamint a 2021 don kwamfuta ta taya shi dubawa, wani kamfanin kuma mai suna TAG yana ɗaukar hoton kati ya ba shi maki cikin 1,000. Wannan ci gaba ne, domin na'ura ba ta gajiya kuma ba ta san mai kati ba. Amma ɗora rago a sikeli nauyi kawai zai gaya maka, ba zai raba gardamar ƙaho da ƙira ba. Na'urar za ta auna tsawon ƙarzuwa daidai, amma mutum ne ya zauna ya tsara maki nawa ƙarzuwar za ta ci.

Inda kara ta fi kasuwar kati gaskiya shi ne, mai sayen rago yana sa nasa hannun bayan dillali ya gama magana, kuma ranar layya nama zai nuna wanda ya yi daidai. Kati kuwa an liƙe shi, ana cinikinsa ta intanet, masu saye da yawa lambar suke saye ba su ƙura wa katin ido ba. A ganina makin abin dogaro ne wajen raba lafiyayyen kati da wahalalle, kuma ya rage zamba ƙwarai idan aka kwatanta da lokacin da kowane mai sayarwa ke yabon kayansa da bakinsa. Amma wanda zai biya ninki-ninki saboda 10 maimakon 9, ya sani ganin mai dubawa ne na rana ɗaya yake biya. Ya nemi hotunan katin gaba da baya masu haske, ya bincika lambar shaidarsa a shafin kamfanin, sannan ya yi tayi.