Shirun matar da ake duka ba miskilanci ba ne

A Kafin Hausa, kamar sauran garuruwan masarautar Haɗeja, idan matar aure ta daina leƙa biki da suna, fara'arta ta ɗauke, sai ka ji ana cewa ta zama miskila, ko kuma iska ce ta taɓa ta. Da wuya a tambayi abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa. Alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun sha duka, wulaƙanci ko tursasawa a hannun mazajensu.

Akwai wani hali da Johan Denollet, masanin halayya ɗan Beljiyam, ya bayyana a shekarun 1990 yayin nazarin masu ciwon zuciya: mutum kullum yana cikin ƙunci da fargaba, amma ya gwammace ya haɗiye don gudun abin da za a ce. Duka da gorin yau da gobe suna ƙara wa wannan hali ƙarfi. Mace ta yi yaji, tun kafin a zo biko an ce mata “ki yi haƙuri ’yar nan, haka kowa ke zaune,” an mayar da ita. Gobe in mijin ya sake, wa za ta gaya wa? Sai ya karɓe wayarta, ya hana ta zuwa gida, ƙawaye su janye. Kaɗaicin nan shi mai dukan ke so, don babu sauran mai tsawata masa. A ganina, iyayen da ke gaggawar mayar da ’ya ba tare da zaunar da suruki ba suna da kamasho a laifin. Maza ma ana gallaza musu, kunya ke rufe musu baki.

Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ta ɗauki raba mutum da danginsa da ƙarfi a matsayin laifi, kuma Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a kan ta Jigawa a 2021. Waliyyi na iya kai kuka wurin mai unguwa, Hisba ko kotun shari'a. In barci ya ƙaurace wa matar, ta daina cin abinci, ko ta fara zancen gara mutuwa, a garzaya da ita asibiti. Akwai na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure.