Kalmar "Simple" Da Wahalar Mayar Da Ita Hausa

A cikin kalmomin Turanci da ɗalibi ke fara karo da su tun yana firamare akwai "simple", kuma da wuya a sami malamin da bai fassara masa ita da "mai sauƙi" ba. Fassarar ba laifi gare ta a aji. Sai yaro ya girma ya kama aikin gwamnati, an miƙo masa takarda ya mayar Hausa domin jama'ar karkara, sa'an nan yake gane cewa wannan riga ba kowace wuya take shiga ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, watau "simplex", wadda aka haɗa daga gaɓoɓi biyu, na farko yana nufin ɗaya, na biyu kuwa ninki. Ke nan abin da ake nufi tun farko shi ne abu mai ninki ɗaya, kamar ƙyallen da aka shimfiɗa ba a naɗe kome a cikinsa ba. Ta bakin Faransawa ta shiga Turanci, wajen shekara ta 1200. Da farko mutumin da ba shi da munafunci ake yi wa laƙabi da ita. Daga nan ta sauka kan talaka wanda ba shi da sarauta, daga bisani har ta kai ga dolo, saboda 'yan birni ko'ina sun saba ɗaukar mai zuciya ɗaya a kan wawa.

Shi kuwa "sauƙi" na Hausa wata hanya daban ya bi. Kishiyar wuya ne da tsanani. Majinyaci yakan sami sauƙi, farashin gero yakan yi sauƙi bayan kaka, aiki ma yakan zo da sauƙi. Babu maganar ninki a ciki ko kaɗan.

A nan ne ma'aikaci yake tuntuɓe. A ce jami'i ya zagaya Dodoru da ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, ya rubuta a rahotonsa na Turanci cewa manoman wurin "simple" ne. Idan tafinta ya ce masu sauƙin kai ne, ya yaba musu. Idan ya ce ba su waye ba, ya zage su a gaban dagacinsu, alhali kuwa kalma ɗaya ce a takarda. Dole ne sai ya karanta rahoton duka kafin ya san wanne maigidansa yake nufi.

Haka nan a sha'anin majalisa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bambanta rinjayen da ake bukata wajen zartar da doka ta yau da kullum da wanda ake bukata wajen gyara tsarin mulkin kansa, watau kashi biyu bisa uku. Na farkon shi Turawa ke haɗawa da kalmar nan. Wanda ya ce "rinjaye mai sauƙi" ya ɓatar da mai sauraro, domin duk ɗan siyasa ya san samunsa ba sauƙi. Abin da ake nufi shi ne ƙaramin rinjaye, ko da da ƙuri'a ɗaya ne.

Akwai kuma ma'anar da mutanen ƙasar Gwandu ba su bukatar ƙamus kafin su fahimce ta. Marubutan tarihi da Turanci sukan yi amfani da wannan kalma idan suna bayanin zaman Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A 1807 ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, saboda ganin yadda son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan jama'a. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Duk wanda ya fassara wannan da "rayuwa mai sauƙi" ya juya magana, domin mai sauraro zai zaci hutu da jin daɗi ake nufi. Malaman zaure suna da kalmarsu tun da daɗewa, wadda suka aro daga Larabci: zuhudu, watau gudun duniya.